Bencin Baya: Zunubi da Gafara a Wurin Masu Bi na Ƙasar Galmi

Wanda ya taso daga Birnin Ƙonni ya bi kwalta ya nufi Madawa, in ya wuce Malbaza da gidan simintinta, abu biyu za a ce masa ya duba a Galmi: albasa da asibiti. Albasar ta kai sunan garin har Abijan da Akara. Asibitin kuwa, tun 1950 da mishan ɗin SIM ta buɗe shi, yake karɓar marasa lafiya daga Adar da Gobir da ƙetaren iyaka wajen Sakkwato. Akwai abu na uku da matafiyi ba ya hangowa ta tagar mota, wato ƴar jama'ar da ta tsiro a gindin asibitin nan ta bazu cikin ƙauyukan kewaye, Hausawa ƴan ƙasa masu bin Yesu Almasihu. Maƙwabta suna ce mana ƴan mishan, wasu su ce Kirista, mu kuwa a tsakaninmu "masu bi" muke cewa. A Nijar duka Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, a ƙasar Ƙonni da Illela kuma sai a ratsa gari goma ba a ga majami'a ba. Cikin wannan ƴar jama'a aka yanke mini cibiya.

Majami'ar ƙauyenmu ɗaki ne na laka mai rufin kwano, bai fi zauren mai gari girma ba. Maza dama, mata hagu, yara a gaba bisa tabarma inda idon dattawa zai kai gare su. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a reshen bedi. Can baya kusa da ƙofa akwai wani benci guda mai gajeruwar ƙafa, an tokare ta da dutse. Ba a rubuta kome a jikinsa ba, amma ko baƙo ya shigo ya nufe shi sai wani ya yi wuf ya riƙo hannunsa ya kai shi gaba. Shi ne bencin horo. Tun kafin in iya haɗa baƙi a Littafi Mai Tsarki, a bencin nan na fara sanin zunubi da gafara, ta hanyar yawan waiwaye, har uwata ta dungure mini kai.

Ba kowane zunubi ke kai mutum can ba. Hassada da girman kai da mugun tunani tsakanin mutum ne da Ubangijinsa, ya durƙusa a ɗakinsa ya faɗa, ba shaida ba mai shiga tsakani. Abin da ke kai mutum bencin baya shi ne wanda ya fito fili har ya jawo wa ikilisiya abin faɗi a gari: zina, ciki kafin aure, buguwa, taɓa kuɗin baikon majami'a, zuwa wurin boka, ko mai mata ya ƙaro ta biyu. Dattawan ikilisiya sukan aika mutum biyu su same shi a gida bayan isha'i, don mu ma da kiran salla muke auna lokaci. In ya amsa, ranar Lahadi bayan wa'azi fasto ya miƙe ya ce ɗan'uwa wane yana ƙarƙashin horo wata uku, ko wata shida. Ba a cika faɗin laifin ba. A ƙauye ina amfanin faɗa? Daga ranar ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha da ake rabawa a sujada, ba ya yin addu'a a madadin jama'a, in mawaƙi ne ya ajiye littafin waƙoƙinsa, in mace ce ta kwance ɗankwalin zumuntar mata. Amma ba korarsa aka yi ba, kuma nan nauyin abin yake. Dole ya zo kowace Lahadi ya zauna inda kowa zai wuce ta gabansa. Wanda ya yi zuciya ya daina zuwa, dattawa su ce bai tuba ba tukuna, kunya ce kawai ta kama shi.

Ina da shekara tara ko goma gwaggota ta zauna a kan bencin. Ɗanta na goye ne ya yi ta suma, a kai shi likita ya farfaɗo, a dawo gida abin ya tashi. Wata tsohuwa maƙwabciya ta ce mata ai wannan ba ciwon allura ba ne, iska ce. Gwaggo ta saci jiki da dare ta tafi wani ƙauye bayan dutse, ta dawo da laya ɗinke cikin jar fata, ta ɗaura wa yaron a ƙugu ƙarƙashin riga. Wurin wanka wata ƴar'uwa ta gani. Wata shida aka ba ta. Yaron kuwa cikin watannin nan ya miƙe sarai, shi ya sa har gobe in zancen ya taso a gidanmu sai an rabu biyu, da masu cewa maganin likita ne ya yi aiki a makare, da masu sunkuyar da kai su yi shiru. Ita dai ba ta taɓa cewa layar ta yi wani abu ba. Cewa take yi tsoro ne zunubinta. Ta ga kamar Allah ya yi nisa, sai ta nemi na kusa.

Ranar da wa'adinta ya cika ba ta fita mini a rai. Bayan an karɓi baiko fasto ya kira ta. Ta taso daga bencin da yaron a baya, ta ratsa tsakanin maza da mata, tafiyar da ba ta fi taku goma sha biyar ba, amma sai da na ga kamar ba za ta iso ba. Layar na hannunta. Ta durƙusa, ta ce da muryar da da ƙyar na baya suka ji: "Ƴan'uwana, na yi ma Allah zunubi, ku kuma na ba ku kumya. Ku yahe mani." Fasto ya juyo ya tambaye mu abin da muka ce. Ɗakin ya amsa baki ɗaya: "Mun yahe!" Aka miƙo kaskon garwashi ta taga, ta jefa layar da hannunta, warin ƙonannar fata ya cika ɗakin har yara muka toshe hanci. Tsohuwar da ta fi kowa shekaru a zumuntar mata ta taso tana dogara sanda, ta ɗaura mata ɗankwali, ta ja ta ta zaunar da ita daidai wurin da take zama a da, wanda wata shida ba wadda ta taɓa zama a kai. Guɗa ta tashi. Sai fasto ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya faɗi abin da nake ganin shi ne zuciyar al'adar duka. Ya ce daga yau duk wanda ya sake tada maganar nan, ko a faɗan bakin rijiya, ko da habaici, ko da gori, shi ne zai koma bencin can, domin abin da Allah ya binne ba mai tono shi. An kuwa kiyaye. Mata sun yi faɗa da gwaggo bayan nan sau ba adadi, kan kaza, kan yara, kan bashin daddawa, ba wadda ta taɓa ce mata mai laya.

Ba zan ɓoye aibin bencin ba. Ƴan mata sun fi kowa goge shi da zama, don ciki ba ya ɓoyuwa, yaron da ya yi shi kuwa tuni ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani Legas ko Abijan. Na kuma ga mai rumbunan albasa da aka yi wa horo cikin raɗa, aka gama cikin raɗa. Matsalar da ta fi ciwo ita ce ta mai mata biyu da ya karɓi bishara bayan ya riga ya tara iyali. Ana ce masa sai ya sallami ɗaya kafin a yi masa baftisma. Wasu sun sallama, matar ta koma gidan ubanta da ƴaƴa da baƙin cikin addinin da ya raba ta da ɗakinta. Wasu sun ƙi, suka shekara talatin suna zuwa sujada ba su taɓa sa gurasar Jibi a baki ba. Na san wani tsoho irinsu, ba Lahadin da yake fashi, shi ke share majami'a, a kan bencin baya ya tsufa. In aka ce mini wannan hukunci daga Allah yake, sai in yi shiru don girman masu faɗa.

Kalmomin da muke wannan sha'ani da su duk na gida ne. Zunubi, tuba, gafara, lahira, Shaiɗan, mala'ika, Musulunci ya shigo da su bakin Bahaushe ɗaruruwan shekaru kafin wani ɗan mishan ya tako ƙasar nan. Masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da Likita Walter Miller na ƙasar Zazzau ya yi fice a kansa har aka buga littafin cikakke a 1932, su suka tarar, su suka ɗauka. Da SIM ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Galmi, da Hausar nan ta yi wa'azi. Saboda haka ni da maƙwabcina Musulmi sai mu yi hira rabin yini da kalmomi iri ɗaya, kowa na nufin abu dabam. Ga kuma abin da Bahaushe ya riga ya rarrabe da kansa: laifi na gaban sarki ne, kunya ta gaban mutane, alhaki kuwa na wanda ka zalunta ne, shi ne kwikwiyon da ke bin mai shi. Tsofaffin masu bishara sun sha fama kafin su shigar da cewa akwai abin da ba sarkin da ya ji, ba mutumin da ya gani, ba wanda aka cuta, amma yana nan zunubi, kuma ba a aikin hannu ya fara ba. Mu a wurinmu mutum ba don ya yi sata ya zama mai zunubi ba, da halin aka haife shi, gado ne daga Adamu da Hawwa'u. A nan muke rabuwa da ƴan'uwanmu Musulmi tun daga tushe, don su a wurinsu jariri da tsarkinsa yake zuwa, Annabi Adamu kuma ya tuba an karɓa, magana ta ƙare a kansa.

Yadda aka koya mana wannan muna yara, da hoto ne. Malamin makarantar Lahadi yana da wata tsohuwar takarda mai faɗi da yake naɗewa kamar tabarma. An zana kan mutum, ƙarƙashinsa ƙatuwar zuciya cike da dabbobi: ɗawisu na girman kai, bunsuru na fasikanci, alade na haɗama, kunkuru na lalaci, damisa ta fushi, maciji, har da kwaɗo, Shaiɗan kuma a tsakiya riƙe da mashi yana kiwonsu. In ya buɗe ta gaba sai ka ga haske ya shigo, dabbobin suna ficewa. Mu da ba mu taɓa ganin ɗawisu ba muka sa masa suna zabon Turawa. Da an tashi, rabon dabbobi ake yi a waje, wane kai ne kunkuru, wance ke ce damisa, har a kai ga kokawa. Akwai hoto na ƙarshe da ba ma son a buɗe, inda dabbobin suka dawo suka tarar da ɗaki a share, kowace ta jawo ƴan'uwanta. Malamin ba ya magana a kan wannan. Ya buɗe, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe takardarsa.

Kakana na wajen uba bai ga wannan hoto ba sai da furfura. Azne ne, daga gidan da ba a sa hatsi sabo a baki sai an zubar da jini a gindin tsamiya, kuma kowace shekara sai ya je Masalata kusa da Ƙonni jin abin da arwa ta faɗa game da damina. Ƙaba ce ta kai shi asibitin Galmi. Yana kwance yana jiran ɗinki ya warke, wani mai bishara yana zagaya gadaje yana magana kan Ɗan Rago da aka yanka sau ɗaya domin laifin kowa. Kaka yakan ce shi wannan bai ba shi wuya ba ko kaɗan. Ya san laifi ba ya wankuwa da baki, sai jini. Ya yanka jan zakara, ya yanka baƙin bunsuru, kowace shekara sai an sake, don iskoki ba su ƙoshi. Abin da ya kama shi shi ne a ce an yi yanka guda wanda ba a sakewa. Da ya koma gida ya daina zuwa gindin tsamiya, ƴan'uwansa suka ce Turawa sun ɗinke masa wani abu a ciki. Ga Musulmi kuma masu bishara da ragon Layya suke shiga, ragon da ya fanshi ɗan Ibrahim. Kalmar fansa ta fi kowace kalma nauyi a bakin tsofaffinmu.

Daga nan ne maganar da ta fi ba danginmu Musulmi mamaki take fitowa. Ka tambayi tsohuwar da ba ta san bihim ba a cikinmu ina za ta in ta mutu, sai ta ce maka sama, kai tsaye, ba in sha Allahu. Kawuna, wan uwata, malami ne mai almajirai a wani gari na ƙasar Illela, yana ƙaunarmu ƙwarai, amma wannan magana tana tada masa tsigar jiki. Yakan ce wa uwata: "Ke wance, ki ji tsoron Allah. Wa ya ga littafinsa? Ga Mizani, ga Siraɗi, salihan bayi ma kuka suke yi." Ita kuma ta ce: "Yaya, in da aikina za a auna, ni ma kukan zan yi. An biya mini ne." Ya ce to ashe kowa sai ya yi abin da ya ga dama, tunda an biya. Ta ce wanda aka fansa daga hannun masu kama bayi ba ya komawa ya miƙa musu wuya. Sun shekara ashirin suna wannan, ba wanda ya motsa, kuma ba Sallar da bai aiko mana da cinyar rago ba, ba Kirsimatin da ba mu kai masa shinkafa da zabi ba. Shi yana ganin tabbacinmu rashin kunya ne a gaban Allah. Mu muna ganin in ka ce ba ka tabbata ba, ka raina abin da aka yi a kan gicciye.

Amma gafarar da aka samu kyauta tana da ɗawainiyarta, kuma ranar Asabar ta kafin Jibin Ubangiji ake ganinta. An koya mana cewa mai riƙe da wani a zuciya, in ya ci Jibi, hukunci ya ci. Don haka da la'asar ta yi sanyi sai ka ga ana ratsa gidaje. Matan wa da ƙane da suka yi sati ba su gaisa ba, sai ɗaya ta ɗauki ƙwaryar fura ta yi sallama a ƙofar ɗakin ɗayar. Mutum biyu da suka yi cacar baki kan iyakar fadamar albasa, sai ka gan su tsugune a bayan darni suna magana ƙasa-ƙasa. Uba ma yakan nemi gafarar ɗansa, abin da Bahaushe ba ya yi da sauƙi. Ubana ya taɓa yi mini, bayan ya doke ni kan kuɗin da daga baya aka gano cikin aljihun wata rigarsa. Ya kira ni zaure ya ce, "Na ɗauki alhakinka, ka yafe mini." Na rasa inda zan sa idona, na ruga waje da gudu ban amsa ba, sai da uwata ta koro ni na dawo na ce na yafe. Washegari aka zagaya da gutsattsarin burodi da ruwan zoɓo a ƴan ƙananan kofuna. Wanda bai samu ya shirya da ɗan'uwansa ba, faranti na zuwa sai ya sunkuyar da kai ya bar shi ya wuce, kowa kuma ya yi kamar bai gani ba.

Zancen wuta ba a yi mana shi da yawa ba, kada in yi ƙarya. Almajiran kawu sun fi mu sanin ƙofofinta da sunayenta, suna rera su cikin waƙoƙin wa'azi har gashin jikin mutum ya tashi. Mu Gidan Wuta muke cewa, wani lokaci Jahannama, kuma labari guda ne ake maimaita mana, na mai arzikin nan da miskini Li'azaru da ke kwance a ƙofarsa, yadda bayan mutuwa mai arzikin ya roƙi ɗigon ruwa bai samu ba. A ƙasar da watan Afrilu ke narkar da kwalta, ba sai an yi wa kowa dogon bayanin ƙishirwa ba. Abin da dattawa suka fi nanatawa shi ne rabuwa da Allah, da kuma cewa ba fita. Sama kuwa mun fi kiranta gida. Ana jin Firdausi, ana jin Mulkin Sama da rai madawwami a wa'azi, amma Aljanna ba ta cika fitowa daga bakin tsofaffin masu bi ba, wai don kada a ɗauka lambuna da koramu muke bi. Kakata ta wajen uba, wadda ta binne ƴaƴa huɗu cikin tara, ba ta damu da titunan zinariya da ake faɗa ba. Ita dai an ce mata can ba ciwo ba kuka, kuma za ta ga yaranta. Ta taɓa tambayar fasto ko ana daka a sama. Ya ce a'a, Inna. Ta ce to madalla.

Akwai tambayar da kowane mai bi na ƙasarmu yake ɗauke da ita, ba a kuwa yin ta da ƙarfi. Ba gidan da ba shi da uwa ko wa ko kaka Musulmi. Koyarwar a fili take, ceto ta wurin Almasihu kaɗai yake. Na ga matasa masu zafin jini da suka dawo daga makarantar Littafi suna faɗin ƙarshen maganar ba tauna ba. Tsofaffi ba su yi. Ranar da kawu ya rasu, uwata ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba, kuma na san ba rashin ne kaɗai ke cinta ba. Wani dattijo ya zo ya zauna a ƙofar ɗakinta ya tuna mata ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu, wanda ya sami shiga a numfashinsa na ƙarshe. Ya ce ba wanda ya san abin da ke wucewa tsakanin mutum da Mahaliccinsa a wannan sa'a, shari'a kuma ba tamu ba ce. Bai ce mata kawu ya tsira ba, bai ce ya hallaka ba. Da wannan ta tashi ta sha kunu.

Mutuwar mai bi kuma wani abu ce da maƙwabta ba su gama sabawa da shi ba. Da kakata ta ji jiki ya ƙi, ta sa aka tara mu, har da surukanta da matan unguwa Musulmi, ta bi mu ɗaya ɗaya tana cewa a yafe mata, mu ma muna cewa ta yafe mana, duniya da lahira. Wannan kam al'adar Bahaushe ce, kowa na yi. Bambancin ya fito bayan ta cika. Aka yi mata wanka da likkafani kamar kowa, amma da waƙa aka ɗauke ta zuwa maƙabarta, mata ma suna biye, har wasu a gari suka ce ƴan mishan ba su san zafin mutuwa ba. Mun sani. Muna kuka muna waƙar. Sai dai ba ma cewa ta mutu, cewa muke ta yi barci, ko ta tafi gida. Ba sadakar uku, ba ta bakwai, ba ta arba'in, domin a wurinmu wanda ya tafi ya riga ya isa inda za shi, addu'ar na baya ba ta ƙara masa ba ta rage masa.

A kan wannan ne aka daɗe ana gardama a cikinmu: mai bi zai iya cewa "Allah ya jiƙan rai"? Masu tsanani suka ce a'a, roƙo ne ga wanda shari'arsa ta riga ta yanke, a ce "Allah ya ta'azantar da ku" ko "Allah ya ba da haƙuri". Wasu suka ce ai gaisuwa ce, Bahaushe ba ya shiga gidan makoki ya fito bai faɗe ta ba, kuma wanda ya ƙi faɗa a gidan maƙwabcinsa Musulmi ya yanke zumunci a kan kalma. Ƴan Katolika, waɗanda a wajenmu galibi ma'aikata ne daga Benin da Togo da Burkina, ba su da wannan damuwa, suna yi wa matattunsu addu'a, har suna da ranarta, 2 ga Nuwamba, kamar yadda suke faɗa wa fada zunubansu a asirce. Ni dai ina faɗa a gidan Musulmi, kuma in sun faɗa a namu ina cewa amin. An taɓa yi mini faɗa a kai, ban daina ba.

An gwada koyarwarmu ta gafara a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da fushin zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya sauka a kan Kiristan Nijar, aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, ya fito ya tambayi laifin da majami'u suka yi. Mu a ƙauye muna manne da rediyo, kwana biyu ba wanda ya yi barcin kirki. Lahadin da ta biyo, shugabannin ikilisiyoyi a birane suka ce sun yafe. A majami'armu wani saurayi ya miƙe ya ce shi bai yafe ba, ba wanda ya zo ya nemi gafara, yaya za a yafe wa wanda bai tuba ba? Tambaya ce mai ƙarfi, don a bencin baya ma sai an tuba ake cewa mun yafe. Dattawa suka yi ta jujjuya ta. Daga ƙarshe wani ya ce gafara iri biyu ce: akwai ta maido da mutum wurin zamansa, wannan sai ya tuba, akwai kuma ta sauke kaya daga kanka, wannan ba ta jiran kowa. Saurayin bai gamsu ba, Jibi biyu ya bari faranti ya wuce shi. A na uku ya miƙa hannu.

Yanzu abubuwa sun sake. Majami'u sun yi yawa a garuruwan bakin kwalta, wanda aka ce za a yi wa horo a nan sai ya tsallaka waccan, a karɓe shi da tafi. Wa'azin da matasa ke saurare a waya, mafi yawansa daga Nijeriya, zancen buɗi ne da nasara da karya asirin maƙiya, sai a yi wata ba ka ji an ambaci tuba ba. Zunubi ya koma abin da wasu ke yi maka. Zagayen ranar Asabar ma ya ragu, saƙo ake turawa ta WhatsApp, "duk wanda na ɓata wa ya yafe", a aika wa mutum hamsin lokaci guda, ba a dubi idon kowa ba. Ƴan mata dai sun huta da zaman kunya su kaɗai, wannan ban yi baƙin cikinsa ba. Amma ban sake jin ɗaki ya amsa "mun yafe" baki ɗaya ba, ban kuma sake ganin tsohuwa ta ja hannun wata ta mayar da ita wurinta ba.

Bara da na je gida Kirsimati na tarar an yi wa majami'ar siminti, an sayo kujerun roba farare daga kasuwar Ƙonni. Na tambayi bencin. Yana nan waje a gindin bedi, har yanzu da dutsen a ƙarƙashin ƙafarsa, mata suna jera tukwanen shinkafa a kai.